Motar da Aka Gine a Cikin Gida

A tsakar gidanmu na Daura, tsakanin rijiya da turken awaki, akwai mota. Duk sanda na faɗi haka a makaranta sai 'yan ajinmu su ce ƙarya nake, ta ina mota za ta bi ta shiga gidan da ko saniya mai ƙaho sai ta karkace kafin ta wuce ƙofar zaurensa? Ni ba na son doguwar gardama. Sai in ce in an tashi a biyo ni. Su biyo ni kuwa, su tsaya baki buɗe, kaza na kallonsu daga kan kujerar direba.

Ta baya ta shigo. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a damina ta yi ƙarfi, katangarmu ta baya ta faɗi. Ina firamare a lokacin. Baba direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Daura da Damagaram, kuma a kwanakin nan ne ya yi ta wucewa ta gaban wata gawar mota da aka yasar kusa da iyaka. Wani mai fiton motoci ta mutu wa a hanya, ya gaji da ita. Baba ya kalle ta ya kalle ta, ranar nan ya kwance bijimin da Inna ta yi wata da watanni tana ba dusa da kanwa, ya kai wa mutumin, aka ɗoro masa motar a bayan wata babbar mota. Kawuna, ƙanin Inna, mai fataucin shanu a Zango, shi ya kawo shanun huɗa suka jawo ta ta inda katanga ta faɗi, yana tafe yana dariya har da riƙe ciki.

Washegari magini ya zo. Ya tambayi Baba ko a bar ƙofa a wurin.

"Gidan da ke da mata ba ya kwana a buɗe," in ji Baba. "Gine kawai. Kafin kaka na tashe ta, sai mu fasa."

Bai dai faɗi wace kakar ba.

Ban taɓa ganin mota irinta ba, har yau kuma ban gani ba. Gajera ce ƙasa-ƙasa, ko ni da nake yarinya ina iya dafa samanta. Hancinta dogo, bayanta guntu, ƙofa biyu, kujera biyu, shi ke nan. Rufinta na tamfol ne, ya riga ya ruɓe, saura ƙarafa. Fitilunta suna da murfi, a rufe suke ruf kamar idon mai barci. Baba ya ce irin ta gudu ce, masu kuɗin Turai ke hawa don jin daɗi. Inna ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta tambaya ina za a sa kaya, ina za a sa yara. Da aka ce mata babu wurin, sai ta ce to ai bijimi ya fi ta, shi ko ba komai yana ba da taki. Daga ranar ba ta ƙara kiranta mota ba. "Ku je ku ba bijiminku ruwa," haka take cewa. A kan bonet take shanya kuɓewa da tattasai, don ta ce ƙarfen yana ɗaukar rana da kyau.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne rubutun da ke bakin zaurenmu: ba shiga. Tun zamanin kakana yana nan da gawayi, amma a shekarar nan kowa ya sabunta nasa, Baba ma ya sa aka rangaɗa shi da fenti. Namiji baligi in ba muharrami ba iyakarsa zaure. To bakanike fa? Baba ya ce ai sai mata su shiga ɗaki, kamar yadda ake yi in mai yasar rijiya ya zo. Inna ta ce yasar rijiya yini ɗaya ce, ita ba za a kulle ta a ɗaki shekara da shekaru saboda ƙarfe ba. Maganar ta mutu a nan. Yayyena maza duk sun bar gida. Baba ya waiga, ni kaɗai ce a tsaye ina tauna rake.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, Inna kuwa ba ta iya kama sunan surukarta, sai dai ta ce ke. Mutane sun ce sunan nan ne ya ɓata ni, don abin da ke bakina shi nake faɗa, ko a gaban waye. Baba ya miƙo mini safana ya ce, "Uwata, hannunki ƙarami ne, zura nan ki ji ko akwai noti." Akwai. Daga nan na shiga uku.

Yadda muke aikin sai wanda ya gani. Baba yana da aboki bakanike, wani tsoho mai ƙatuwar murya. Ranar da Baba ba ya hanya, sai ya zo ya zauna a zaure da goronsa, mu muna ciki, a yi ta magana ta saman katanga.

"Direba! Ka cire fulogin?"

"Na cire."

"Baƙi ne ko fari?"

Baba ya dube ni. Ni in ɗaga murya in ce baƙi ne ƙirin, kuma yana wari.

"Wa ke magana? Bakanikiya ce? Gaya wa babanki ya kawo mini in gani, idonku ban yarda da shi ba."

Sai in ɗauka a cikin tsohon kwanon sha in kai masa zaure, ya juya shi, ya shinshina, ya tofar da goro, ya ce wannan ai tun ina cikin ciki ya mutu. Haka motar nan ta yi ta fita gari guntu-guntu ta ƙofar zaure tana dawowa. Kafireta ta fita a cikin kwando. Lagireto ya fita a kaina kamar tallan fura. Injin kansa sai da muka farke shi ɗai-ɗai, muka jera a kan tabarma ƙarƙashin dogonyaro, Inna tana tsallakewa tana tsaki. Abin da babu a Daura sai Baba ya nemo a Damagaram ko Kano, wani lokaci a shekara ba a samu ba, wani lokaci a samu ya ƙi shiga. Ni abin nan yana cina. In ce, "Baba, a buga shi da guduma mana ya shiga." Ya ce, "Uwata, ke in aka bar ki da tuwo ma ɗanye za ki kwashe."

Amma ba aikin ne ya riƙe ni ba, tafiyar ce. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, Baba yakan wanke hannunsa da toka, ya kori kaza, ya kakkaɓe kujera ya ce in shiga. Motar ba ta da taya a lokacin, a kan bulo take zaune, hancinta na kallon katangar baya. Ya ce in rufe ƙofa a hankali. Ya kama sitiyari, ya yi bismillah, ya sa giya. Ba ya yin kukan mota da baki kamar yara, shiru yake yi har sai na fara jin kamar kujerar na rawa.

"To, mun bar gari," in ji shi. "Ga gero dama da hagu, ya fi mutum tsayi. Iska na kwantar da shi tana tashe shi. Kin gani?"

Katanga nake gani, ja, da tsagar da damina ta yi mata. Amma in na daɗe ina kallo sai tsagar ta miƙe ta zama hanya.

"In mun haye gada akwai wata kuka a dama, rassanta biyu a sama kamar mai roƙon ruwa. Ƙarƙashinta wata Bafulatana ke sayar da nono. Ba za mu tsaya ba, sai a dawowa."

Ƙadangare ya gifta a katanga, Baba ya kauce masa da sitiyari ya ce babbar mota ce, a ba ta hanya. Mu wuce Mai'adua, mu wuce iyaka ba mai tsayar da mu, don wa zai tsayar da mota irin wannan? Ƙasa ta fara fari, itatuwa su gajarce, raƙuma su ɓullo ɗauke da kanwa, suna tafiya kamar ba su son taɓa ƙasa. Ƙamshin daddawar Inna ya taso daga madafa, Baba ya ce mun iso tasha ke nan, masu abinci sun ɗora. Hasken da ke jikin katangar ya yi ta hawa sama yana barin mu a inuwa. Ni kuwa ba na iya haƙuri, sai in ce, "Baba, yi sauri mana, yaushe za mu isa Damagaram?" Ya ce saura kaɗan. Ba mu taɓa isa ba. Kullum kiran magariba ke riskar mu a hanya, ya kashe motar da ba a kunna ba, ya fita ya ɗauki buta.

Na sha zuwa Mai'adua a motar haya, amma mata a baya ake cusa mu, ba abin da nake gani sai ƙeyar mutane da buhuna. Hanyar da na sani ita ce ta jikin katanga.

Na gama firamare, na shiga sakandare, motar tana nan. Akuyar da ke turke sanda ta shigo ta haihu, 'ya'yanta sun haihu. Ƙawayena suna zuwa makaranta da lalle, ni da baƙin mai a ƙarƙashin farce, malamar ajinmu ta gaji da yi mini faɗa. Tayoyi suka samu. Kujeru suka fita zaure, mai ɗinkin kujerun mota ya yi musu sabuwar riga. Wata rana ina kankare tsatsa na ɗaga robar ƙofa, sai ga asalin launinta a ɓoye, ja wur kamar tattasan Inna. Ƙofofi da bonet suka fita, mai fenti ya fesa su suka dawo suna ƙyalli. Gangar jikin kuwa ba ta fita, mai fenti ba ya shiga, sai ni da Baba muka shafe ta da buroshi. Shi ya sa har yau ja biyu ne a jikinta, ɗaya na sheƙi, ɗaya kamar an shafa miya. Kawu ya gani ya ce ai sai a yi haƙuri, akwai shanu ma masu roɗi.

A wajen fentin nan na fara lura. Baba ya shafa wuri, ya koma ya sake shafa shi, ya bar na gefe fari. Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga hanya tun rana na tsaka, ya zauna a kan turmi bai cire hula ba. Ya ce wa Inna jaki ne ya fito masa ta gefe, bai gan shi ba sai da fasinjoji suka yi salati. Ya ce ba zai ƙara ɗaukar ran mutane ba. Aka kai shi Katsina, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani a riƙe wanda ya rage. Na tambaye shi yadda yake gani. Ya naɗe hannunsa kamar bututu ya kara a ido. Ya ce haka, kuma bututun ƙara matsewa yake.

Daga ranar na daina wasa. Na gama sakandare, ina zaune a gida, kullum ni ke tashinsa. Abu ɗaya nake so, ya ja motar nan a kan kwalta tun yana ganin kwaltar. Ni ke karanta masa lambobin jikin kaya, ni ke bin wayoyi ja da shuɗi, shi kuma yana lalube da yatsu yana saurare. Bakanike a zaure ya ce yanzu ya yarda da idona, tunda ba shi da wani.

Ranar da ta tashi, bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Kawu ya zo da jarka, ya ce ruwan rijiyar Kusugu ne ya ɗebo musamman, a zuba a lagireto, ko maciji ne a cikin injin ya fita. Aka aro batir. Ba wurin turawa, sai da makulli. Baba ya murɗa, ta yi tari. Ya sake, ta yi tari ta yi shiru. Na ce, "Baba, ba ni." Ya ce in tsaya. Ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashin ƙasa, ya taɓa totur kaɗan, ya murɗa. Sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe, awaki suka tsinke igiya, kaji suka haye katanga, matan maƙwabta suka leƙo ta sama. Bakanike yana zaure yana kabbara yana ihu, "Direba, rage mata wuta! Za ku kashe mini ita!" Na danna wani maɓalli da muka shekara muna gardama a kansa, sai murfin fitilar dama ya ɗaga a hankali. Na hagu ya ƙi. Mota ta tsaya tana kallon katanga da ido ɗaya.

Da ƙura ta lafa muka zauna, kowa ya san abin da ya rage: ta ina za ta fita. Filin da ke bayanmu, inda shanu suka jawo ta, an daɗe da yanka shi. Wani ya gina gidan bulo a wurin, lungun da ya rage ko mai akuya sai ya sa ta gaba ya bi ta a baya. Dama da hagu maƙwabta ne. Gefe ɗaya ne kawai ke kallon titi, kusa da zaure, kuma a nan madafar Inna take jingine da katanga. Tun tana amarya aka gina mata ita. Hayaƙin shekaru ya mai da azararta baƙa mai sheƙi, ta san ramin da kowace muciya ke zama. Na ce wa Baba ya yi mata magana. Ya ce ya riga ya cinye mata bijimi, ba zai cinye mata madafa ba.

Sai ya shiga nemo aiki. Yau murfin fitilar hagu, gobe odar ba ta da daɗin ji, jibi hannun ƙofa na girgiza. Damina ta faɗi, ya ce ba a taɓa katanga da damina, gaskiya ne kuma. Muka lulluɓe ta da leda. In ruwa ya ɗauke ya yaye, ya yi ta shafa ta yana neman abin gyara. Wata safiya yana tsugune yana laluben safana, ga ta nan dab da yatsunsa, ya wuce ta ya dawo ya sake wuce ta. Na tsaya ina kallo har raina ya ɓaci.

"Baba, ga ta nan kusa da hannunka."

"Na gan ta."

"Ba ka gan ta ba. Baba, motar nan ta gama, kai ne kake ja mana rai. In muka ƙara wata daminar ko jan nan ba za ka gani ba."

"Ke!" in ji Inna daga madafa.

Baba ya ɗauki safanar ya goge ta da bakin rigarsa, ya shiga ɗaki. Yinin nan bai ci abinci ba, ni ma ban ci ba, amma ban janye maganata ba don gaskiya ce.

Kashegari ya kira ni. Ya ce in zauna a kujerar direba. Ya nuna mini kuloci da birki da totur, kamar ban san su ba, ni da na ɗaura su da hannuna. Ya ce in saki kuloci a hankali. Na sake shi gaba ɗaya, mota ta yi tsalle ta mutu. A haka na koyi tuƙi, daga rijiya zuwa turken awaki, daga turke in dawo rijiya da baya. Giya ta ɗaya da ribas, ba wurin da za a sa ta biyu. Na fasa randar Inna, na kayar da turmi, na take takalmin Kawu ƙafarsa na ciki. Kafin a yanke gero na iya ja da baya har in tsaya dab da bakin rijiya ba tare da na waiga ba. Inna tana kallonmu ta cikin hayaƙin murhu, ba ta ce a ci gaba ba, ba ta ce a bari ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, ƙasa ta bushe, wata safiya na fito na tarar da ita tana mirgina duwatsun murhunta zuwa gindin dogonyaro. Tukwane da ƙore duk ta fitar ta jera. Na je zan kama mata, ta ce in matsa. Da Baba ya dawo daga masallaci ta tare shi tana kakkaɓe hannu.

"Malam, hayaƙin bijimin nan ya ishe ni, yana shiga mini miya. A fitar mini da shi daga gida."

Baba ya tsaya da carbi a hannu. Ya ce, "Madafarki fa?"

"Da can a madafa aka haife ni?"

Kawu ya kawo zana daga Zango aka kafa ta ciki, don kada titi ya ga tsakar gida. Magini, ɗan wancan na farko ne yanzu, ya fasa ta waje. Inna ta shige ɗaki ta kunna rediyo da ƙarfi har aka gama.

Da gari ya waye, bayan an sauko daga sallar asuba, muka naɗe zanar. Titi ya bayyana a inda na saba ganin tukwane. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya nufi ƙofar direba, ya dafa ta, ya daɗe a tsaye yana kallon gabansa. Sai ya saki ƙofar, ya bi jikin motar da hannu, ya zagaya ta gaban dogon hancin nan har ya kai ɗaya gefen, ya buɗe ya zauna.

"Uwata, me kike jira? Ke da kullum kike sauri."

Na ɗaure hijabina da kyau na shiga. Muka gangara titi a hankali, cikinta ya ɗan kartar ƙasa. Bakanike yana tsaye a bakin zaure, ranar ce ya fara ganin motar da ya yi shekaru yana gyarawa. Ya zagaya ta, ya ce ashe ƙarama ce haka, shi a kunnensa ta fi wannan girma. A teburin mai shayi mutane suka miƙe. Wani ya ce, "La ila, mace ce ke ja!" Baba ya juya wajen muryar ya ce, "Uwata ce, kana da magana?"

Da muka hau kwaltar Mai'adua sai injin ya fara kuka kamar za a yanka shi. Na taka totur, kukan ya ƙaru, gudun bai ƙaru ba, masu keke suna wuce mu. Ban san abin da ake yi bayan giya ta ɗaya ba. Sai na ji hannun Baba na hagu a kan giyar.

"Ke riƙe hanya. In na ce taka, ki taka kuloci."

Ya karkatar da kai yana saurare. "Taka." Na taka, ya ja, mota ta yi ajiyar zuciya ta miƙe. "Taka." Iska ta cika mini hijabi. "Taka." Kukan ya koma wani gurnani can ƙasa, wanda nake ji a bayana fiye da kunnena, irin rawar nan da kujera ke yi mini tun tana kan bulo. Hanya ta buɗe fayau, ba ƙeyar kowa a gabana. Ban san sama na da faɗi haka ba.

"Me kike gani?" in ji Baba.

"Hanya."

"Haba Uwata. Haka nake gaya miki?"

Sai na rage gudun bakina. Na ce gero an girbe, saura kara a tsaye, an jingina dammuna a bakin gonaki. Na ce rana ta fito ta dama, ja ce, ba ta fara zafi ba. Na ce ga wasu shanu farare suna tsallakawa can nesa, ga balbelu a bayansu. Yana gyaɗa kai, idonsa a kan bonet. Ya ce yana ganin ja, da wani haske na gudu a kansa. Muka haye gada, na ji ta a tayoyi. Sai ga ta a dama, ƙatuwa, rassa biyu a sama. Na ɗauka ƙirƙirarta ya yi don ni.

"Baba, kukar nan tana nan!"

"Ina za ta je? Mai nono fa?"

"Ba kowa. Sai wata tsohuwar ƙwarya a kife."

"Sammako muka yi. Ba za mu tsaya ba, sai a dawowa."

Ba mu da lamba, ba mu da takarda, don haka da rufin kwanon Mai'adua ya fara ƙyalli ya ce in tsaya mu juya. Juyawa a faɗin titi ban iya ba. Na sa ribas na yi ta ja da baya har na sami wata hanyar gona na shiga da ƙeya, sumul, ko kara ban taɓa ba. Baba ya yi dariya har ya share ido. A dawowa bai ce in gaya masa komai ba. Shi ya riƙa faɗa, ƙasa-ƙasa, hannunsa a kan giya, ga raƙuma, ga dabino, ga farar ƙasa, ni kuma ina riƙe da hanya ban katse shi ba.

Mun tarar da Inna a gindin dogonyaro tana dama koko, hayaƙi na bi ta cikin ganye. Na shigar da motar da baya na tsaya dab da rijiya. Ba ta ɗago ba.

"Har ina kuka kai?"

"Damagaram," in ji Baba.

Na ce, "Ko Mai'adua ba mu shiga ba, a bakin gari muka juyo."

Inna ta miƙa wa Baba kwanon koko, ta kama hannunsa ta ɗora a kan ludayi.

"Ba ke na tambaya ba," in ji ta.